Sefa Ta Hau, Naira Ta Sauka: Wa Ya Ci Ribar A Kasuwannin Iyaka?

Duk mai bin kasuwannin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, ya biyo ta Birnin Ƙonni da Illela, ya zo Ɗan Issa da Jibiya, har ya dangana da Magariya da Maigatari, ya san cewa tambayar farko da ɗan kasuwa ke yi da safe bayan an gaisa ita ce: yau nawa ake canjin jika? Mu ma da ke aiki a gidajen rediyon karkara, idan muka buɗe layin waya a shirin farashin kasuwa, kafin a tambaye mu kuɗin tiyar hatsi ko buhun wake sai an fara tambayar canji. A farkon shekarar 2015 jika guda, wato sefa 1,000, ba ta wuce naira 400 ba a hannun ƴan canji. A farkon 2023 ta kai kusan naira 1,200. Kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura naira 2,500.

Da yawa daga cikin ƴan'uwa a nan Nijar sun ɗauki wannan a matsayin abin alfahari, har za ka ji ana ba'a a tasha cewa yanzu da jika goma sai ka cika aljihu da naira. To amma abin tambaya a nan shi ne, idan ƙarfin sefa alheri ne zalla, me ya sa dillalan shanu da masu wake da masu albasa ke kuka? Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan sharhi.

Yadda aka zo nan

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa kuɗaɗen nan biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Ita sefa ɗaure take da kuɗin Turai. Tun daga shekarar 1999 yuro guda yana kan kusan sefa 656, ba ya gaba ba ya baya, kuma babban bankin BCEAO da ke Dakar ne ke kula da ita a madadin ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA. Saboda haka idan yuro ya hau sefa ta hau, idan ya sauka ta sauka, ko da kuwa damina ta yi kyau a Tawa ko ba ta yi ba.

Ita kuwa naira, wadda aka fara kashewa a 1973, rayuwarta na rataye ne da dalar Amurka da Najeriya ke samu daga sayar da ɗanyen mai. Dattawan kasuwa ba su manta da farkon shekarun 1980 ba, lokacin da naira guda ta fi dalar Amurka daraja a farashin gwamnati. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, naira ta fara gangara. A watan Yunin 2016, bayan farashin mai ya karye a kasuwar duniya, aka sake sakin ta, ta tashi daga kusan 197 a kan dalar Amurka ta wuce 280 cikin ƴan kwanaki. Babbar faɗuwar ita ce ta watan Yunin 2023, makonni biyu bayan rantsar da shugaba Bola Tinubu, lokacin da babban bankin Najeriya ya daina riƙe farashin gwamnati ya bar kasuwa ta yi halinta. Daga kusan naira 460 a kan dala, sai ga shi a watan Fabrairun 2024 ana maganar 1,500 a banki, a kasuwar bayan fage kuwa abin ya fi haka.

A 2025 naira ta ɗan samu natsuwa a gaban dalar Amurka, amma duk da haka jika ba ta sauko ba. Dalili kuwa shi ne a wannan shekara yuro ya yi ƙarfi a kan dala, ya ja sefa sama tare da shi. Ke nan ɗan kasuwar Ƙonni yana tsakanin shawarar da ake yankewa a Abuja da wadda ake yankewa a Turai, kuma babu wadda ake neman ra'ayinsa a kai.

Lissafin mai shanu

Bari mu kawo misali da lissafi mai sauƙi. A ce falke ya sayi sa a kasuwar ƙauye a kan sefa 300,000. Lokacin da jika ke naira 1,200, idan ya sayar da shi naira 360,000 a Maigatari ya mayar da uwar kuɗinsa, abin da ya hau kai kuma na mota ne da la'ada da riba. Da jika ta kai naira 2,500, sai ya sayar da wannan sa naira 750,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. San bai ƙara ƙiba ba, bai ƙara tsawo ba, amma a idon mahaucin Kano ko na Legas kuɗinsa ya ninka har da ɗori. Shi kuwa ma'aikacin Najeriya da zai sayi naman, albashinsa bai ninka a wannan lokaci ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: mai saye ya rage saye, ko ya taya da arha, falke ya dawo gida ya matse makiyayi. A ƙarshe wanda ke can ƙasan tsani, wato mai kiwo da manomi, shi ke ɗaukar nauyin.

Ba yau aka fara ganin haka ba. Bayan faɗuwar naira ta 2016 farashin dabbobi ya karye a kasuwannin Nijar, makiyaya suka riƙa sayar da dabba biyu domin sayen hatsin da a da dabba ɗaya ke saya. Abin da ya faru da shanu shi ke faruwa da wake da aya da riɗi da albasar Galmi da tattasan Difa, domin babbar kasuwar yawancin waɗannan kaya tana kudu da iyaka.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan ciwo, wato ta bashi. Kasuwancinmu na amana ne, ana ba da kaya a jira kuɗi. A ce an sayar da kaya naira 800,000 lokacin da jika ke naira 2,000, wato sefa 400,000 ke nan. Kafin a biya, bayan mako uku, jika ta koma 2,500. Mai bashi ya cika alkawari, ya kawo naira 800,000 cif, amma da aka kai wa ɗan canji sai ta zama sefa 320,000. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya ci amana, amma sefa 80,000 ta salwanta. Irin wannan ya faru da mutane da dama a watannin Janairu da Fabrairun 2024, kuma ya raba abokan ciniki da suka shekara ashirin tare. Waɗanda suka ga haka suka ruga suka tara sefa da tsada su ma ba su tsira ba, domin a watannin Maris da Afrilun shekarar naira ta farfaɗo na ɗan lokaci, suka wayi gari da asara.

Arahar da ba ta daɗewa

Wani zai ce, to ai masu shigo da kaya daga Najeriya sun more. Gaskiya ne, sun more, amma na ɗan lokaci. A makonnin farko na faɗuwar naira, mai sefa a hannu yakan shiga kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari ya yi lodi son ransa. Sai dai masana'antun Najeriya da dalar Amurka suke sayo injuna da kayan haɗi, saboda haka ba a jimawa sai farashin sabulu da taliya da kayan roba da taki ya bi canji ya hau. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kusan kashi 35 cikin 100. Arahar da canji ya bayar da hannun dama, tsada ta karɓe da hannun hagu.

Bugu da ƙari, da hukumomin Najeriya suka ga hatsinsu na kwarara waje saboda arahar naira alhali talakansu na kukan yunwa, sai jami'an kwastan suka shiga tare motocin abinci a hanyoyin iyaka a farkon 2024. Mai sefa yana da kuɗin saye, amma hanyar fitar da kayan ta toshe.

Man fetur ya fi komai bayyana wannan al'amari. Shekara da shekaru jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso suna shan man ruwa-ruwa mai arha, wanda a haƙiƙa baitulmalin Najeriya ne ke biyan wani kaso na kuɗinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka soke tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Dubban matasa da ke cin abinci da jarka da kwalba suka rasa sana'a, ƴan kabu-kabu suka koma gidajen mai. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, jama'a suka yi murna, amma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar buƙatar ƙasa baki ɗaya ba. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na manyan biranenmu. Darasin shi ne, shawarar da aka yanke a dandalin rantsuwa a Abuja ta iso tashar kabu-kabu a Tasawa.

Idan hanya ta rufe

Duk wannan lissafi na canji yana aiki ne idan hanya a buɗe take. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma sau uku ke nan a tsawon rayuwar dattawanmu ana garƙame ta. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka ta kuma canza launin naira, abin ya haɗu da fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, har zuwa Disambar 2020. Na uku shi ne takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda aka ɗage a watan Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris. Gadar Gaya da Malanbil kuwa ta ci gaba da zama a rufe, 2024 ta wuce, 2025 ta shigo, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso tare da rakiyar sojoji, kuɗin mota da kwanakin jira suka hau kan farashi.

Mu ma a namu ɓangaren an ɗauki irin waɗannan matakai. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da wake sai zuwa Mali da Burkina Faso, a watan Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin babbar sallah. Manufar a fili take, wato talaka ya samu abinci da ragon layya da sauƙi, kuma mutanen birni sun ga amfanin haka. Sai dai wanda ya yi wata shida yana turke rago da dusa da harawa domin kasuwar Illela, shi ne ya biya kuɗin wannan sauƙi. Idan manomi da makiyayi suka ga abin da suka noma ko suka kiwata ba ya mayar da kuɗi, baɗi sai su rage, tsadar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga.

Ina bunƙasar da ake faɗa?

Masu sauraro sukan tambaye mu, ga shi ana cewa tattalin arzikin Nijar na cikin masu saurin bunƙasa a Afirka, don me ba su gani a ƙasa ba? Alƙaluman ba ƙarya ba ne. A ƙiyasin Bankin Duniya, bunƙasar da ta tsaya a kusan kashi 2 cikin 100 a 2023 ta haura kashi 8 a 2024. Babban dalili shi ne bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin, wanda aka tsara zai riƙa kai ganga 90,000 a rana, jirgin farko kuma ya yi lodi a watan Mayun 2024. Damina mai albarka ta wannan shekara ita ma ta taimaka, duk da ambaliyar da ta yi ɓarna.

Amma abubuwa uku ne ya kamata a lura da su. Na ɗaya, yawan jama'armu na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, saboda haka a shekara irin 2023 rabon kowane mutum raguwa ya yi. Na biyu, a tsakiyar 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 15 cikin 100, alhali ƙa'idar UEMOA ita ce kada ta wuce kashi 3. Sai da sabon hatsi ya shigo farashi ya fara sauka. Na uku, bututu ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa. Kusan mutum 8 cikin 10 a ƙasar nan da noma da kiwo suke rayuwa, kuma mai yana wucewa ne ta ƙarƙashin gonakinsu zuwa teku. Ba zai zama arzikinsu ba sai an juya kuɗinsa zuwa madatsun ruwa da hanyoyi da wutar lantarki.

Tarihi ya isa ishara. Najeriya ta samu kuɗin mai a shekarun 1970, naira ta yi ƙarfi, sayo abinci daga waje ya fi noma shi sauƙi, dalar gyaɗar Kano ta ɓace. Mu ma a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountche, kuɗin yuraniyom ya shigo, aka yi gine-gine a Yamai, da farashinsa ya karye bayan 1980 sai aka bar mu da bashi. Masu iya magana na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Batun sabon kuɗi

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma ficewar ba ta shafi UEMOA da sefa ba. Tun a watan Fabrairun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana cewa ƙasashen uku na nazarin kuɗin kansu, domin kuɗi alama ce ta ƴancin ƙasa. Masu goyon baya na da hujja mai ƙarfi: kuɗin da ke ɗaure da yuro an ɗinka shi ne daidai jikin Turai, yana sa kayanmu tsada a gaban maƙwabcin da ya fi kowa sayen su. Suna kuma tuna cewa da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk da magani da kayan waje sun yi tsada, dabbobin Sahel sun samu kasuwa a ƙasashen gaɓar teku.

Masu ɗari-ɗari su ma ba su rasa abin faɗa ba. Mali ta fita daga sefa a 1962 zamanin Modibo Keita, kuɗinta ya raunana, aka karya shi da rabi a 1967, ta dawo a 1984. Muritaniya kuwa ta fita a 1973 ba ta dawo ba. Ke nan ana iya fita a zauna, ana kuma iya fita a sha wuya. Abin da ke raba biyun shi ne ko ƙasa na da abin sayarwa da ajiyar kuɗin waje, da kuma ko gwamnati za ta iya kame hannunta daga buga takarda duk lokacin da baitulmali ya bushe. Ɗan kasuwar iyaka ya fi kowa sanin wannan, domin ya ga abin da ya sami naira da idonsa. Shi buƙatarsa ita ce kuɗin da zai kwana da shi ya tashi da shi bai canza ba, ko wane suna aka ba shi.

Abin yi

Ga hukumomi, abu na farko shi ne a daina yanke shawarar rufe hanya ko hana fitar da kaya dare ɗaya. A ba da wa'adi, a zauna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da makiyaya, a faɗi ranar da dokar za ta ƙare. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, wadda ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu suka yi alkawarin farfaɗowa da suka gana a watan Afrilun 2025. Nan ne ya dace a kai maganar shingaye da kuɗin da ake karɓa a hanya, da maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021.

Na biyu, kuɗin mai ya tafi inda zai rage wa mai kaya tilas. Mai albasa yana sayarwa da arha a lokacin girbi ne saboda ba shi da wurin ajiyar da ba za ta ruɓe ba. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta san ingancinta, ɗanya take tsallaka iyaka, wasu su jeme ta su ci ribar. Wanda ke da rumbu da mahauta ta zamani da majema ba ya rawar jiki don canji ya motsa, yana iya jira, yana kuma iya neman wata kasuwa.

Ga ƴan'uwa ƴan kasuwa kuwa, shawara ce ta ɗan'uwa. A riƙa lissafin riba da kuɗin da aka zuba jari da shi, kada yawan takardun naira ya ruɗi ido. Idan za a ba da bashi, a yanke tun farko a gaban shaidu da wane kuɗi za a biya da kuma yaushe. Wanda ya sayar da naira, idan zai yiwu ya juya ta zuwa kaya a ranar, ya dawo da lodi maimakon ya dawo da takarda. Kada kuma a jibge kuɗi iri ɗaya a gida. Canjin takardun naira na ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya koya wa waɗanda suka tara tsofaffin takardu a wannan ɓangare na iyaka darasi mai ɗaci. Sannan a riƙa kasa kunne ga labaran Abuja da na Dakar kamar yadda ake kasa kunne ga labarin damina.

To wa ya ci ribar? Wasu ƴan canji masu sa'a, da masu jarin da ke iya jira, da waɗanda suka san hanyoyin daji. Amma makiyayin Dakoro da mahaucin Kano, manomin wake na Mayahi da mai abincin sayarwa a Katsina, duk asara ɗaya suka yi, kowa da kuɗin da ya ƙirga tasa. Talaucin abokin ciniki bai taɓa zama arzikin mai kaya ba. Duk ranar da muka ji jika ta ƙara hawa, kafin mu yi murna mu tambayi kanmu wa zai sayi shanunmu a kasuwa mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.